Shaidata a Majalisar Tabarmi

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafe ta da duwatsu, ya saki koguna kowanne ya san hanyarsa, ya ba ɗan Adam ƙafa don ya yi yawo, ya kuma jarrabe shi da baki. Ku gyara zama. Kun daɗe kuna tambayata me ya sa nake tafiya kamar mai taka ƙaya, me ya sa fatar ƙafata ta yi fari fat har idon sawu. Yau zan gaya muku. Amma wanda ya katse ni da tambaya, to shi zai ƙarasa labarin, ni in koma ɗaki.

Sunana Nomau, ɗan mai haƙar rijiya, jikan mai haƙar rijiya. A garinmu ruwa kan sauko wata uku kamar da bakin ƙwarya, ya gudu ya bar mu muna bin gaba arba'in a ƙasa muna neman abin jiƙa maƙogwaro. Abin nan ya daɗe yana ci mini rai. Ranar da wani falke ya ba ni labarin wani birni can bayan duniya inda mutane suka ɗaure kogi guda suka ajiye, ban sake barcin kirki ba sai da na ɗauki sandata da igiyar awona na kama hanya.

Ba zan gajiyar da ku da duk abin da na gani ba. Na bi ta wani daji wanda itatuwansa kan tsige saiwarsu su yi tafiya idan ƙishi ya kama su. Ruwan salkata ya ƙare a tsakiyarsa, sai na hau wata tsamiya na ɗaure kaina a reshe, ta yi kwana uku tana jan jiki da ni har ta kai ni bakin gulbi. Daga nan na faɗa Fadamar Magulmata, inda wasu tsuntsaye jajaye ke tsince duk maganar da ta fita daga bakin matafiyi, su tashi su kai ta fadar sarkin da ke gaba, har da muryar mai ita. To, kun dai san ni da surutu, ko ni kaɗai ne a daji sai na yi hira da sandata. Ƙwallon goruba na tura a baki, na yi yini biyu a haka, yawu na dalala.

Haka na isa Birnin Madatsa. Tirƙashi! Bango ne na dutse tsakanin tsaunuka biyu, in ka ɗaga kai ka ga ƙarshensa sai hularka ta faɗi. Bayansa ruwa ne iya ganinka. Sarki da manyansa suna zaune a kan tudu a gefe. Talakawa masu ɗaukar dutse kuwa suna gindin bangon, a cikin tsohuwar hanyar kogin, unguwar da ake kira Ƙasan Bango. Sun kai mutum dubu goma sha biyu.

A can na sauka, gidan wani tsoho, Baba Anaruwa. Ban shekara ba ya ba ni auren 'yarsa Marka, wata gajeriyar mace mai saƙar taru, wadda ita kaɗai ce a duniya ta iya sa ni yin shiru da kallo ɗaya. Ina son matar nan, jama'a. Ba na jin kunyar faɗa.

Sarkin birnin, Kangarau, azzalumi ne na bugawa a jarida, in da suna da jarida. Kowane wata sai an ɗebi mutum ɗaya daga kowane gida goma a kai shi ƙarin bango. Wanda ya faɗi a bakin aiki ba a yi masa sutura. Nan za a ɗora dutse a kansa a ci gaba da gini. Da idona na ga hannun mutum ya leƙo daga tsakanin duwatsu, da zobe a yatsansa.

Kullum da fitowar rana Kangarau kan hau saman bango shi kaɗai, ba dogari ba zagi, ya buga wani tambarin tagulla sau bakwai da hannunsa. Wata rana muna shan kunu na ce, «Baba, wai sarkin nan naku ba shi da makaɗa ne?»

Tsoho ya ajiye ludayi. Ya sa Marka ta ja ƙofa, sannan ya ce, «Shekara talatin ina kai abinci cikin bangon nan, ina miƙawa ta wata kafa. Mutum arba'in ne a ciki, masu riƙon ƙofofin ruwa, ba su fitowa har mutuwa. An rantsar da su cewa duk safiyar da rana ta hau ba su ji tambarin nan daga hannun sarki ba, su buɗe ƙofofin gaba ɗaya. Manyan fada sun sani, shi ya sa ba wanda ya taɓa zuba masa guba, don gonakinsu da bayinsu duk suna ƙasa. Mu ne ba a gaya wa ba, kada mu gudu. Ka rantse mini ba za ka faɗa wa kowa ba, Nomau. Na san bakinka.»

Na rantse. Kunun nan ban iya ƙarasa shi ba.

A shekara ta uku aka gan ni ina auna kaurin bango da igiyata, abin da ya kawo ni ke nan tun farko. Hukuncin baƙon da ya auna bango shi ne a ƙwaƙule masa ido. Wani maƙwabci ya rugo ya gaya mana dogarai na tafe. Marka na da ciki wata bakwai, ba ta iya gudu. Ita ta ɗaura mini gora huɗu a ƙugu, ta huda wani ƙaton masaki ta kifa mini a ka, ta ja ni bakin magudanar da mata ke wanke-wanke. Tsakar rana ce, lokacin da ƙyallin ruwa ke kashe wa masu gadi ido. Ta ce, «Maigida, je ka. Kada ka tsaya yi wa kifi surutu.» Ta tura ni cikin ƙoren wanke-wanke da ruwa ke ja, na wuce ta ƙarƙashin ganuwa ina jin dogarai na hira a sama.

Kwana tara ina hawa da gangara a tsauni kafin na faɗa Ƙasar Tabarmi. Su ba su da sarki. Dattawa arba'in da ɗaya ne ke riƙe da ƙasa, maza da mata, kowa da tabarmarsa a ƙarƙashin wata ƙatuwar ceɗiya. In za a yanke magana, wanda ya yarda ya ja tabarmarsa gabas, wanda ya ƙi ya ja ta yamma, a ƙirga. Na tarar da 'yan gudun hijirar Madatsa birjik a garin. Ga shi kuma Kangarau ya toshe wani rafi da ke shayar da gonakin Tabarmi na yamma, shekara biyu ba su girbi ko dami ba. Maganar yaƙi tana ta ɗan hayaƙi, ni na zo na hura ta.

Allah ya yafe mini. Kasuwa-kasuwa na riƙa bi ina ba da labarin hannun nan mai zobe. Mutane su taru, mata su yi kuka, a kawo mini fura. Na ji daɗin abin, ba zan ɓoye muku ba, har gishiri na riƙa ƙarawa. A raina ina cewa in mayaƙan nan suka tashi, ai za su kai ni wurin Marka. Maganar ƙofofin ruwa kuwa ban taɓa ta ba. Na farko na rantse wa surukina, na biyu kuma kaina bai kawo mini ba cewa cire sarki yana nufin tambari zai yi shiru. Wautar ɗan Adam ke nan.

Ranar da majalisa ta zauna, da hantsi, aka kira ni shaida. Suna da wani kaskon dutse a gindin ceɗiyar, da ruwan wata maɓuɓɓuga a ciki. Mai shaida kan tsaya a ciki ba takalmi. Muddin abin da yake faɗa ya gani da idonsa, ruwan na nan da sanyinsa. Da ya faɗi abin da bai gani ba, sai ya ɗau zafi. Ruwan bai san bambancin ƙarya da «an ce» ba, duk ɗaya ne a wurinsa, mutanen kuma suna alfahari da hakan.

Barde Ranau, shugaban mayaƙansu, shi ya fara yi mini tambaya. Dogo ne mai sanyin murya, ba mugun mutum ba ne ko kaɗan.

Ya ce, «Baƙo, ka ga an gina mutum cikin bango?»

Na ce, «Na gani.» Ruwa sanyi ƙalau.

«Ka ga Kangarau na hawa bango shi kaɗai da fitowar rana, ba mai tsaronsa?»

«Kullum, shekara uku.»

Barde ya juya ga dattawa ya ce, «Iyayen ƙasa, kun ji. Ba na neman ku ba ni izinin ƙone gari. Ba ruwanmu da talakan Madatsa, shi ma a wahale yake. Mutum ɗari uku nake so, mu bi ta Mashigin Awaki mu laɓe a tsaunin da ke kallon bango. Gari na wayewa ya hau, kafin ya ɗaga hannu ya taɓa tambarin nan, kibiya ɗaya. Mutum ɗaya zai mutu, dubbai su huta, rafinmu ya dawo.»

Kafin ya taɓa tambarin! Na ga Marka a tsakar gidanmu tana shanya taru, na ga bangon a bayanta. Jama'a na ta sowa. Rantsuwar da na yi wa tsoho ta zo mini, na ture ta gefe.

Na ɗaga murya na ce, «Ku tsaya! Don Allah ku tsaya! In kuka kashe shi bai buga ba, akwai mutum arba'in a cikin bango da za su buɗe ruwa. Ƙasan Bango gaba ɗaya za ta tafi!»

Ban rufe baki ba ruwan ya fara ɗumi. Na ci gaba. Na faɗi rantsuwar, na faɗi kafar miƙa abinci, na faɗi manyan fada. Tururi ya tashi, ruwa ya fara tafasa a kan ƙafata, ina ihu ina magana, ina magana ina ihu, har wasu samari biyu suka fizge ni suka yar a ƙasa. Fatar ta saɓule kamar ta dafaffen dankali.

Wuri ya kaure. Wani na cewa, «Maƙaryaci!» Wani na cewa, «Kangarau ya saye shi!» Mutanen da suka ba ni fura jiya su ne ke neman dutse.

Sai wata tsohuwa ta buga sandarta a ƙasa. Iya Gwamma ke nan, maginiyar tukwane, ta fi kowa daɗewa a kan tabarma. Ta ce, «Kai, ku yi mana shiru, kun cika mu da hayaniya kamar kasuwar kaji. Barde, ruwan nan cewa ya yi bai gani ba. Bai ce babu ba. Kun taɓa ganin maƙaryacin da ya tsaya a tafasasshen ruwa ya ƙarasa maganarsa?»

Barde ya ce, «Iya, doka dai doka ce, kakanninmu suka kafa ta. In muka karɓi “an ce” yau, gobe Kangarau zai aiko mana da baki goma, kowa da abin tsoron da zai faɗa, mu zauna har jikokinmu. Wa ya ga mutum arba'in ɗin nan? Shi bai gani ba. Wanda ya gaya masa ma ta kafa yake miƙa tuwo.»

Iya ta ce, «To na ji. Ka gaya mana yadda za ka shiga, kuma ka iya faɗa. Gaya mini washegari. Ka kashe shi, rana ta hau, wa zai zauna a kujerar? Kai? Manyan fadarsa da suka yi shekara ashirin suna ɗora dutse a kan mutane? Kwana nawa 'ya'yanmu za su yi a can suna raba faɗan da ba su san asalinsa ba? Ni dai na san tukunya. In ka ga ta tsage tana cike da ruwa, ba ka sa mata guduma.»

Wata mace daga cikin 'yan gudun hijira ta kutso gaba, ba a ba ta izini ba, ba kuma wanda ya hana ta. Ta ce, «Iya, 'ya'yana uku suna cikin bangon nan. Uku! Na huɗun yana can, wata mai zuwa layin gidanmu ne. Ke kina zaune a inuwa kina tambayar washegari. Mu yau ɗinmu fa? Kowane wata kuka ƙara kuna shawara, uwaye nawa za su zama ni?»

Iya Gwamma ta sunkuyar da kai. Ta ce, «Ba ni da amsarki, 'yar nan. Wallahi ba ni da ita. Kwana arba'in kawai nake roƙo, a aika wanda zai gano gaskiyar ƙofofin nan.»

Barde ya ce, «Nan da kwana arba'in ruwan sama ya rufe Mashigin Awaki. Sai baɗi ke nan.»

Aka yi ta yi har azahar. Wani dattijo ya ce gonakinsa sun mutu, wani ya ce ba Tabarmi aka ɗora wa gyaran duniya ba, wani ya ce maƙwabcin da ke jin kukan gidan maƙwabcinsa ya toshe kunne shi ma da hannunsa a ciki. Ina kwance ina jin su, kowa na da gaskiyarsa, ni kuwa matata kawai nake gani. Da aka ce a ja tabarmi na ɗaga kai ina ƙirgawa da leɓe. Ashirin gabas, ashirin yamma. Saura wani tsoho kurma-kurma da ya tsaya a tsakiya yana riƙe da tasa a naɗe. Ya dubi Iya, ya dubi matar nan mai 'ya'ya uku, ya ja ƙafa ya nufi gabas.

A al'adarsu, in aka yanke yaƙi, kowane mai tabarma sai ya ba da ɗa, ko ya yarda ko bai yarda ba. Iya Gwamma ɗa ɗaya gare ta, Jatau, magidanci mai 'ya'ya biyu, kuma duk ƙasar ba wanda ya kai shi harbi. Shi Barde ya zaɓa ya saki kibiyar.

Gidan Iya aka kai ni, don ba wanda ya yarda ya karɓe ni sai ita. Ita ta shafa mini man kaɗanya ta naɗe ƙafafun da ganye, Jatau kuma shi ke ɗaukata a baya in zan kewaya. Kwana biyu bayan nan mayaƙa suka tashi. Hanyarsu ta tsauni kwana tara ce. Ta Fadamar Magulmata kuwa, mai jaki zai kai a kwana biyar.

Da la'asar Iya ta zauna kusa da ni tana murza yumɓu. Ba ta dube ni ba ta ce, «Na ga idonka na kan hanya tun safe.»

Na ce, «Iya, matata ce. Ita da mahaifinta kawai zan janye, ba wanda zai ji.»

Ta ce, «Kai ɗin? Hm. Ɗana ne a gaba, Nomau. In Kangarau ya ji ƙishin-ƙishin, Mashigin Awaki mutum ɗaya-ɗaya yake ɗauka.» Ta ci gaba da murza yumɓun. Can ta ce, «Ban ce ka tafi ba, ban ce ka zauna ba. Jakina dai yana bayan gida, kuma ni tsufa ya sa ban iya ɗaurin kirki ba.»

Na tafi. Na ƙetare fadamar da tsumma cushe a baki, ba don surutu ba wannan karon, don kada tsuntsayen su ɗauki nishina. Ƙafa ta kumbura, ƙuda na bina. Kowace safiya in na ji ƙarar tambarin daga nesa sai in ƙirga kwanakin da suka rage. Na shiga Ƙasan Bango a cikin ayarin masu itace, rawani ya rufe mini fuska.

Marka ta haihu, mace, kwana goma sha ɗaya ke nan. Da ta gan ni ba ta yi guɗa ba, ƙafata ta kalla ta ce, «Wa ya dafa ka?» Na gaya musu komai ita da Baba, murya ƙasa-ƙasa. Na ce mu huɗu za mu sulale mu hau tudu gobe, kamar masu zuwa gaida dangi.

Marka ta ce, «Mu huɗu? Ungozomar da ta karɓi 'yar nan fa? Maƙwabcin da ya cece ka daga dogarai fa, da 'ya'yansa shida? In zauna a tudu ina kallo ruwa na cin su, sannan in ci tuwo?»

Na ce, «Marka, in magana ta fita, akwai mutum ɗari uku a hanya.»

Ta ce, «Su ɗari uku da baka a hannu suka zaɓi zuwa. Mu wa ya tambaye mu?»

Ungozoma kaɗai Marka ta gaya wa, na rantse muku. Ungozoma ta gaya wa 'yarta. Kafin rana ta yi tsaka washegari, Ƙasan Bango gaba ɗaya ta hau hanyar tudu, da awaki da tukwane da tsofaffi a kan gadon kara. Ina kan jaki a tsakiyarsu ina cewa, «A hankali, jama'a, kaɗan-kaɗan!» Wa ke jina? Na ɗaga kai na ga masu gadi sun yi cirko-cirko a saman bango suna nuna mu da mashi.

Kangarau azzalumi ne, amma ba wawa ba ne. Mutum dubu goma sha biyu ba su guje wa ruwa sai in sun san tambari zai yi shiru. A yinin nan ya tura dakarunsa Mashigin Awaki suka hau saman duwatsu suka jira. Kwana uku muna kan tudu. A na huɗu da safe ya hau bango ya buga sau bakwai kamar kullum, ruwa na nan kwance. Da hantsi aka fara shigo da kamammu. Cikin ɗari uku, sittin da biyu suka rage. Barde Ranau ba ya cikinsu.

Aka bi bakin magana daga wannan zuwa wancan har aka iso kaina. Dogarai suka ja ni fada, na yi kalmar shahada a hanya. Kangarau, wani ɗan siririn mutum mai furfura da ba za ka ce ya iya yanka kaza ba, ya dube ni ya yi murmushi. Ya ce, «Kai ne mai igiya? An ce kai ka tashi talakawana. Da ba don kai ba, da yanzu ana kukana.» Ya sa aka kawo riga mai aiki aka zura mini a gaban kowa. Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin rigar nan ba.

Sannan ya nuna kamammun, suna durƙushe a rana da igiya a wuya. Ya ce, «Waɗannan bango za su. Zaɓi ɗaya na ba ka, ka yi yadda ka so da shi. Ka kwashi iyalinka ka bar mini ƙasa, ba na son mai baki kusa da ni.»

Ido ɗari da ashirin da huɗu a kaina. Na san wasunsu, sun sha jin labarina a kasuwa. Na ja ƙafa har na iso kan Jatau, kafaɗarsa a farke, jini ya bushe. Na ce, «Wannan, ranka ya daɗe.»

Aka kwance shi. Ya miƙe ya dubi rigar, ya dubi ƙafata, shi da ya riƙa ɗaukata a baya. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. A hankali ya ce, «Jakin Iya ne na gani a ƙofar fada?»

Na ce, «Shi ne.»

Ya gyaɗa kai. Ya ce, «Abu ɗaya zan tambaye ka, Nomau, ka gaya mini tsakaninka da Allah. Da na harba, da an buɗe ruwan?»

Na buɗe baki, ni da magana ba ta taɓa yi mini wuya ba. Na ce, «Ban sani ba, Jatau. Wallahi ban sani ba.»

Sai ya sunkuya ya kama hannun wanda ke durƙushe kusa da shi, wani da aka sare wa ƙafa, ya ɗaga shi ya jingina mini a kafaɗa. Ya ce, «Wannan ba zai kai mako a bango ba, tafi da shi. Ka mayar wa Iya jakinta.» Ya koma wurinsa ya durƙusa, ya ɗauki igiyar ya mayar a wuyansa da kansa.

Gurgun nan shi ya kai jakin. Ni ban iya shiga Tabarmi ba, a bakin iyaka na tsaya na juya.

Marka tana nan, kun ji muryarta ɗazu tana faɗa da awaki. 'Yar da aka haifa a gindin bangon ita ce ta kawo muku ruwan da kuka sha. Shekara goma sha ɗaya bayan nan na ji a bakin fatake cewa Kangarau ya mutu a kan gadonsa, zazzaɓi ya kashe shi, safiya ta waye ba wanda ya buga tambari. Mai ba da labarin ya gyara zama zai faɗi abin da ya biyo baya, na tashi na bar rumfar, takalmina ma a can na baro shi. Har yau in baƙo ya sauka a garin nan aka ce daga wajen Madatsa yake, ba na fita sai ya tafi.

Iyakar abin da na sani ke nan. Allah shi ne masanin sauran, kuma ina roƙonku, in ɗayanku ya taɓa ji, kada ya gaya mini.